Ruwan Zafin Mairama

A shekarar da aka mayar da motoci tuƙin hannun dama, Malama Kubra ce ma'aikaciyar jin daɗin jama'a a Birnin Kudu, a ofishin da mutanen gari ke kira walfiya. Daga Kano aka turo ta, da takardar kwas ɗin da ta yi a Kaduna, da baƙar jaka, da wani taurin kai wanda ba a makaranta ta koyo shi ba. Aikinta a kotu ba shi da wuyar faɗa. Duk macen da aka tsare, kafin a yanke mata hukunci, Kubra za ta je ta gano abu biyu a kanta: in an sake ta, akwai wanda za ta cuta? Kuma me take bukata, wanda rashinsa zai hallaka ta ko ya sake jefa ta cikin laifi? Mazan kotun sun fi son amsar tambayar farko, don ita ce gajera.

Wata safiya a tsakiyar damina, Alƙali Malam Iliyasu ya sa aka kira ta. Dattijo ne mai sanyin magana, amma ba ya son shari'a ta tsufa a hannunsa.

"Akwai wata yarinya daga Sara, can ƙasar Gwaram, sunanta Mairama," in ji shi. "Ta watsa wa duba-gari tafasasshen ruwa, shi ya ce a ƙofar gida. Yana asibiti yanzu, fatar ƙirjinsa da ta hannunsa duk ta saluɓe. Na tambaye ta ko ita ta watsa, ta ce ita ce. Na tambaye ta dalili, ta yi mini shiru. Ranar Alhamis zan gama da maganarta. Ko in aika da ita babban gidan yari a Kano, ko in danƙa ta hannun danginta su tsaya mata. Ki je ki gan ta, ki gaya mini wanne ya dace."

"Allah ya gafarta Malam, dangin nata sun zo?"

"Ko mutum ɗaya bai leƙo ba."

Duba-gari kuwa kowa ya san su a wancan zamani: ma'aikatan tsafta ne masu kaki, suna shiga gida-gida suna leƙa randuna da tukwane, in sun ga tsutsar sauro su tuntsurar da ruwan su kai maigida ƙara. Ba a son su, amma rashin so daban, ƙona mutum daban.

Ɗakin da ake tsare mata yana bayan kotu, kuma A'i ce gandirobar da ke riƙe da makullinsa. Ƙatuwar mace ce mai ƙatuwar murya, ba muguwa ba ce, sai dai in ta tsorata duk unguwa sai ta ji. Tun daga nesa ta tari Kubra.

"Malama, wannan karon ba sai kin wahalar da kanki ba. Yarinyar nan ba ta magana, ba ta kuka, ba ta ce ta yi nadama ba. Jiya na kama ta ta saci garwashi daga murhuna, ta ɗora gwangwanin ruwa a lungu tana hurawa. Shekaranjiya ma haka. Wadda ta ƙona mutum da ruwan zafi, an tsare ta, kuma tana dafa wani ruwan, wa kike jin za ta watsa wa? Ni ce kusa!"

Kubra ta ga wasu ƙore a kife a bakin ƙofa, ta tambayi na mene ne.

"Wani direban motar kasuwa ne yake ajiye kunun kanwa, bai ce na wa ba. Masu gadi suke shanyewa."

Maganar gaskiya, A'i ba ta yi ƙarya ba. Duk alamun da aka koya wa Kubra a Kaduna sun taru a kan yarinyar nan: babu nadama, babu dangi, ga shi kuma ta koma neman abin da ta yi ta'asa da shi. Da Kubra ta juya daga bakin ƙofar ta je ta ce wa alƙali "Kano", babu wanda zai ga laifinta, har ta samu cin abincin rana da wuri. Amma tana da wata ɗabi'a da ke ba magatakardan kotu haushi: ba ta yanke magana a kan mace sai ta zauna da ita a tabarma ɗaya. Ta tuɓe takalmanta ta shiga.

Mairama na rakuɓe a kusurwa, siririya, doguwa, kitson kanta ya tsufa. Ana zafin nan na damina mai sa mutum ya ji rigarsa ta manne masa, amma ita ta ƙudundune da duk zanin da take da shi. Ruwan da aka ajiye mata a moɗa ba ta taɓa shi ba. Kubra ta gaishe ta, ta amsa can ƙasa-ƙasa. Ta tambaye ta mijinta, ta ce yana daji da shanu, an kai su nesa da gonaki. Ta tambaye ta abin da ya haɗa ta da duba-gari, sai ta mayar da ido kan bango. Kubra ta bi ta nan, ta bi ta can, ta lallasa, har ta ɗan ɗaga murya. Bango dai yarinyar take kallo.

Haushi ya fara cin Kubra, ta matsa kusa don ta kama hannunta. A nan ta ji wani tsami-tsami kamar na nonon da ya kwana. Da farko ta ce a ranta, 'yar masu shanu ce, ba abin mamaki ba. Sai idonta ya sauka kan ƙafafun yarinyar, ta ga sun kumbura suntum. Ta ɗago ido, ta ga zanin da ke ƙirjinta ya jiƙe a wuri biyu, ya bushe, ya sake jiƙewa, har ya yi taurin gammo. Kubra ta haifi 'ya'ya biyu, ba ta bukatar a gaya mata mene ne wannan. 

"Mairama, yaushe kika haihu?"

Yarinyar ta ja mayafi ta rufe fuskarta.

"Ɗan fari ne?"

Kan ya ƙara sunkuyawa har ya taɓa gwiwa.

Kubra ta san kunyar ɗan fari, wa bai san ta ba? Amma a Kano abin ya fara sassautawa. Ita kanta ta taɓa kiran 'yarta ta fari da sunanta a gaban surukarta, aka yi mata faɗa, aka wuce wurin. A cikin gidajen masu shanu na ƙasar Gwaram kuwa, abin ba wasa ba ne. Mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta ɗaukarsa a gaban manya, ba ta nuna ta san da shi, ko da zuciyarta na tsagewa. Garwashin da gwangwanin kuma yanzu sun fito fili. Mai jego ce aka ɗauko daga tsakiyar wankanta aka ajiye a kan sumunti mai sanyi, ita kuwa tun tana ƙarama aka gaya mata cewa wadda ta yanke wankan ruwan zafi kafin arba'in, sanyi zai shige ta, ta kumbura, ta mutu. Tana kallon ƙafafunta suna hawa, ta ɗauka mutuwar ce ta fara daga ƙasa.

Kubra ta fito. Ta aika aka sayo itace, ta aro babbar tukunya wurin mai abincin bakin kotu, ta karyo ganyen darbejiya da hannunta daga bishiyar da masu ƙara ke zama a ƙarƙashinta. Da A'i ta ga ana haɗa murhu a bayan ɗakin mata, sai ta dafe ƙirji.

"Malama, kin haukace ne?"

"Mai jego ce, Yaya A'i."

"Innalillahi! Mai jego? A kan sumuntin nan nawa?" Fuskarta ta canja, amma tsoro bai sake ta ba. "To, na ji, na kuma ji tausayinta. Amma mai jegon ce dai ta ƙona mutum. Ni ba zan tsaya kusa ba, kuma in wani abu ya faru, ki shaida na faɗa."

"Na shaida. Ba ni makullin."

Ruwa ya tafasa har yana tsalle. Kubra ta fito da Mairama, ta kai ta gaban tukunyar, ta danƙa mata damin ganyen da ƙwarya. Sannan ta ware nata mayafin, ta miƙe hannuwa ta yi mata labule da shi, ta juya mata baya.

Kada wani ya ce Kubra ba ta ji tsoro ba. Ta ji, ƙwarai kuwa. Tururi na dukan ƙeyarta, tukunyar na nan kusa da diddigenta, kuma duk abin da ta sani game da yarinyar nan zato ne ba tabbas ba. In ta yi kuskure, da bayanta za ta biya. Amma ta riga ta ƙudura cewa ba za ta tsaya gaban alƙali ta ce mace ba ta da haɗari ba, alhali ita kanta ba ta yarda ta ba ta baya ba. Ta cije leɓe ta tsaya.

Ta ji an tsoma ganye. Ta ji an fyaɗa shi a jiki, an ja numfashi ta haƙora. Aka sake tsomawa, aka sake fyaɗawa. Can sai ta ji wani sauti ya shiga tsakanin fyaɗin, siriri, ana danne shi yana ƙwacewa. Mairama ce ke kuka, karo na farko tun da aka kawo ta.

Bayan ta gama ta ɗaura zani, Kubra ta sa aka damo kunun kanwa mai zafi, ta zauna ta ga ta shanye. Yarinyar ta ajiye ƙwaryar, ta kalli ƙasa, ta yi magana kamar da tabarma take yi.

"Akuyar Inna nononta ya kusa ƙafewa."

Kubra ta gane. Ba maganar akuya ake yi ba.

"Wane gida ne a Sara?"

"Bayan rijiya. Mai tsamiya a ƙofa." Ta ɗan dakata. "Malama, abin da za ki gani a bayan ɗaki, don Allah kada ki faɗa a gaban maza."

Washegari Laraba, Kubra ta hau motar kasuwa mai bodin katako, ta zauna a kan buhun gishiri tsakanin mai kaji da mai tabarmi. An sha ruwa, hanya ta yi laka, sau da yawa sai fasinjoji sun sauka sun tura. Ta isa Sara da taɓo har gwiwa, takalman ofis a hannu, ba wanda zai ce ma'aikaciyar gwamnati ce. Hakan ma ya yi mata amfani, don da ta zo a tsaftace cikin motar ofis, da ba a nuna mata gidan ba.

Ta yi sallama a ƙofa mai tsamiya. Wata dattijuwa ta fito, busasshiya, mai idon da bai ga barci ba. Inna Turai ke nan, mahaifiyar Mairama, mijinta ya rasu, ita kaɗai ce a gidan. Kubra ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce daga wurin Mairama take.

"Wace ce haka?" in ji tsohuwar, tana kallon gefe.

Sai a lokacin Kubra ta gane sauran. Mairama ma 'yar fari ce. Uwar da ba ta leƙo kotu ba, ba ƙin 'yarta ta yi ba, kunyarta take ji.

"Inna, na san akwai yaro. Ba karɓarsa na zo yi ba, na rantse da Allah. Nuna mini shi."

Tsohuwar ta daɗe tana auna ta da ido, sannan ta shiga ɗaki ta fito da shi a cikin tsumma. "Ga maigidan nawa," in ji ta, yadda kakanni ke kiran jikokinsu. "Nuru aka raɗa masa." Yaron ba shi da nauyi ko kaɗan. Maɗigarsa ta faɗa, leɓensa ya bushe, kukansa kamar na ɗan mage. Nonon akuya take ɗura masa da ludayi, rabi ya shiga, rabi ya dawo. Kubra ta riƙe shi, ta san cewa in motar Kano ta tafi da uwarsa gobe, yaron nan ba zai ga girbi ba.

"Me ya sa kuka ɓoye shi?"

"An ce in mace ta shiga gidan yari da jariri, gwamnati karɓewa take yi ta kai gidan marayu. Da suka zo kama ta, na miƙa shi ta kan danga, na roƙi maƙwabta su yi shiru."

Kubra ta ce a kai ta bayan ɗaki. Wurin wanka ne, kewaye da zana, ga duwatsun murhu, ga babbar tukunya a kife, ga busasshen ganye a ƙasa. Zanar ta karye a gefe ɗaya, ta faɗa waje, kamar wanda aka bangaje da gudu. Daga nan zuwa ƙofar gida kuwa akwai tazara, ga ɗaki a tsakani.

"Duba-garin ya ce a ƙofar gida ta watsa masa," in ji Kubra.

"Na fita ɗebo itace," in ji Inna Turai. "Yarinyar tana wanka, babu komai a jikinta. Ya ga hayaƙi da tukunya, ya zagayo. Me za ta yi? Abin da ke hannunta ta watsa. In ta faɗi haka a kotu, gobe dangin mijinta sun ji cewa wani namiji ya gan ta. Gara mata gidan yari."

"Inna, gobe za ki bi ni kotu, da yaron."

"Ni? In je gaban maza in tsaya a kan 'yar fari? Da wane ido zan kalli mutane?"

"A kotu an ce ba ta da kowa. Shirunki aka duba, aka ce kin sallama ta."

Tsohuwar ta zabura. "Ni na sallama ta? Wa yake dama kunu da asuba yana roƙon direba ya kai?"

"Masu gadi suke shanyewa, Inna, don ba ki faɗi sunan mai shi ba."

Inna Turai ta zauna a kan turmi. Ta yi ta kallon yaron, yaron na mutsu-mutsu yana neman abin da babu. Da ta buɗe baki, ba ta kalli Kubra ba.

"Ba don ita zan je ba. Maigidana zan raka."

"Shi ma ya isa," in ji Kubra.

Kafin ta kwanta a gidan, sai da ta je ta samu mai unguwa, ta yi ta fama da shi har ya yarda zai bi su ya tsaya wa yarinyar. Ranar Alhamis da hantsi suka iso Birnin Kudu. Kubra ta nemi ganin alƙali a zaurensa kafin a zauna, ta gaya masa duk abin da ta gani, har zanar da ta karye, ta roƙe shi kada wannan ɓangaren ya fita a bainar jama'a.

"To, mene ne amsarki?" in ji Malam Iliyasu.

"Allah ya gafarta Malam, ba zan ce ba ta yi laifi ba. Ta ƙona mutum, kuma tabon ba zai bar shi ba. Amma na ba ta tafasasshen ruwa, na juya mata baya, ga ni a gabanka lafiya. Ban ga wanda za ta cuta ba in ta koma gida. Abin da take bukata kuwa, wankanta, da likita ya duba ƙafafunta, da ɗanta. Ɗan ma ya fi ta bukata. In an kai ta Kano, hukuncin a kansa zai faɗa."

Alƙali ya shafa gemu. "Na ji naki. Amma shari'a ba ta tsayuwa da baki ɗaya. Sai na ji mutumin, sai kuma na tabbatar yaron nata ne."

Aka zauna. Aka kawo duba-garin daga asibiti, sunansa Balarabe, ƙirji da hannu a naɗe da bandeji. Kubra ta zaci za ta ga wani ƙato mai muzurai, sai ta ga saurayi ne ɗanye, sabon ɗauka a aiki, idonsa cike da tsoro. Ya san in ya amsa cewa ya zagaya bayan ɗakin matar aure, kakin ya tafi ke nan. Da alƙali ya ambaci jariri, sai ya yi sauri ya ce shi bai ga jariri a gidan ba, bai ji kukan jariri ba, kuma kowa ya san ana aron yaro a zo da shi kotu don neman tausayi.

Yaron na hannun Inna Turai yana ta kukansa na wahala. Alƙali ya juya ga Mairama.

"Ke, yarinya, wannan ɗanki ne?"

Kotu ta yi tsit, ban da kukan. Ga uwarta a zaune, ga mai unguwar Sara, ga maza cike da ɗaki. Mairama ta juya fuskarta bango. Ko kallon inda yaron yake ba ta yi ba.

"Ki ba ni amsa. Naki ne?"

Shiru. Mutane suka fara gunaguni, wani daga baya ya ce ai ga shi nan, uwa ba ta yin haka. Kubra ta ji kamar ta tashi ta girgiza yarinyar, kalma ɗaya tak ake nema, kuma ran ɗanta ne a kai. Ta ga hannun alƙali ya doshi alƙalami. Sai ta miƙe.

"Allah ya gafarta Malam, ɗan fari ne, ga mahaifiyarta a zaune. Ko za a kwana ana tambaya ba za ta amsa ba. A ba ni ɗakin magatakarda. A sa ta ciki da yaron, gandiroba ta shiga ta zama shaida."

Malam Iliyasu ya dube ta, ya dubi yarinyar, ya ajiye alƙalamin. "A yi haka."

A'i ta karɓi yaron daga hannun tsohuwar, ta tasa Mairama gaba suka shiga. Ƙofar ba ta da kirki, katako ne mai ɓaraka, don haka Kubra ta tsaya a bakinta, ta ware mayafinta ta rufe, ta juya wa ƙofar baya, tana fuskantar kotu.

Kukan bai tsaya ba. Ƙaruwa ma ya yi. Yaron ya saba da ludayi, ya manta da abin da ake ba shi. Kubra ta ji muryar A'i tana raɗa, "A hankali, matso masa a leɓe, kada ki ji tsoro." Kukan ya shaƙe, ya dawo, ya sake shaƙewa. Hannuwan Kubra suka fara gajiya saboda ɗaga mayafin, amma ba ta sauke ba. Tana kallon Inna Turai, tsohuwar ta kafa ido a ƙasa, leɓenta na motsi. Balarabe ya fara gyara zama kamar wanda ya ci shari'a.

Sai kukan ya yanke.

Ba wanda ya yi tari a ɗakin. Shirun ya yi tsawo har aka fara jin ɗigar ruwa daga indararo a waje. Can ƙofa ta motsa, A'i ta leƙo, ƙatuwar matar nan mai ƙatuwar murya, tana share ido da bayan hannu, ta yi magana da ƙyar.

"Allah ya gafarta Malam, yana sha."

Balarabe ya sunkuyar da kai. Ba wanda ya tambaye shi, shi ya fara da kansa. "Na yi sallama ba a amsa ba, na ɗauka babu kowa. Na ga tukunya a bayan..."

Alƙali ya ɗaga hannu. "Ya isa. Sauran a zaure zan ji, ni da kai."

Hukuncin bai ɗauki lokaci ba. An danƙa Mairama hannun mai unguwa, za ta biya asibiti a duba ta ita da yaron kafin su wuce, kuma Malama Kubra za ta riƙa zuwa Sara tana kawo wa kotu labarinta. Maganar jinyar Balarabe aka ɗaga ta sai mijin ya dawo daga daji. Kubra ta sa a ranta cewa shi ma saurayin za ta leƙa shi, don ta ga babu wanda ya rako shi.

Da suka fito, Inna Turai ce ta goya yaron, don ba zai yiwu a ga Mairama ɗauke da shi a titi ba. Uwa da 'ya ba su gaisa ba, ba su ko haɗa ido ba. Mairama ta wuce ta gaban Kubra, ta ɗan rusuna, ba ta ce komai ba. A'i ta yi tsaki ta ce mutanen nan sai su, ko na gode babu.

Kubra ta tsaya tana kallon su suna gangarawa hanyar asibiti, tsohuwa a gaba, yarinya a bayanta dab da ita, kanta a juye tana kallon gonakin gefen hanya kamar ba ta san abin da ke goye ba. Iska ta ɗan ɗaga gefen mayafinta. A ƙarƙashinsa hannunta na miƙe, tana riƙe da ƙafar yaron.